Da Murtala Ya Yi Shekara Goma, Da Najeriya Ta Gyaru?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum jama'a. Yau 13 ga Fabrairu, ranar da wani hafsan soja, Dimka, da yaransa suka harbe shugaban ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammad a Legas a 1976. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma. Ni dai maganata ɗaya ce, kuma mai ja ya ja: da an bar mutumin nan ya yi shekara goma a kan mulki, da ba wannan Najeriyar muke ciki ba yau. Wata shida da 'yan kwanaki kacal ya yi, amma har gobe ba a yi shugaban da ya kama ƙafarsa ba.

Auta: Amin, Yaya. Kakarmu takan ce ranar da aka kawo gawarsa Kano ko wuta ba a hura a gidanmu ba. Shekararsa 37 fa kacal.

Baba Akawu: Wa'alaikumus salam. Amin ga addu'a, Allah ya gafarta masa, mu ma ya kyautata namu ƙarshen. Amma ɗana, a kan shekara goman nan ina da ja. Kai labari ka ji, ni kuwa ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata a Kaduna lokacin da aka yi shara ta 1975. Ma'aikata fiye da dubu goma aka sallama a faɗin ƙasa cikin 'yan watanni. Laifuffukan da ake karantowa su ne cin hanci, tsufa, rashin lafiya, raguwar ƙwazo, da makamantansu. Kuma ba kotu, ba takardar tuhuma, ba a kira ka a ce kare kanka. Lokacin labarai sai ka ga an kewaye rediyon masinja tsit, kowa yana jiran ya ji ko an ambaci ma'aikatarsa. Washegari ambulan mai ruwan ƙasa na jiran ka a kan tebur: an yi maka ritaya nan take.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, ba Murtala ne ya zauna ya rubuta sunayen nan da hannunsa ba. Ina ya san mu? Shugabannin sassa aka ce su kawo sunaye. To wa kake jin shugaba zai rubuta? A wurinmu akwai wani dattijo mai kula da sito, mutum mai taurin kai a kan gaskiya. An sha kawo masa takarda ya sa hannu cewa kaya sun shigo alhali ko buhu ɗaya bai gani ba, yana ƙi. Sunansa na cikin na farko da suka fita. Wanda yake kawo masa takardun kuwa ya zauna daram, har ƙarin girma ya samu daga baya. Da idona na ga dattijon nan yana ɗora katifu da tukwane a bayan akori-kura, domin an ce ya bar gidan gwamnati, ga 'ya'ya a makaranta, ga shi bai taɓa aza ko bulo ɗaya na kansa ba, don ya ɗauka aikin gwamnati sai tsufa ko mutuwa. Mu da muka rage mun karanta darasin da kyau. Daga ranar kowa ya gane kujerarsa ba ta da tabbas, sai neman fili da ajiyar na gobe tun ana kai.

Ɗan Kurmi: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ban isa in musa abin da ka gani ba. Amma a yi adalci, a dubi halin da ya tarar da ƙasar. Gowon ya shekara tara a kan mulki. Ya yi alƙawarin miƙa mulki a 1976, sai ranar 1 ga Oktoban 1974 ya fito ya ce ba zai yiwu ba. Gwamnoni sun zama sarakunan kansu, ba mai taɓa su. An yi odar siminti wajen tan miliyan 20, ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni, gwamnati tana biyan su kuɗin jira kullum, simintin yana daskarewa a cikin jirgi. Su wa suka sa hannu a takardun nan? Aljanu? Ma'aikata ne, Baba. Da Murtala ya zo ya sauke gwamnonin nan goma sha biyu aka bincike su, biyu kawai suka fita da tsabta, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Goma cikin sha biyu! Mutumin da ya tarar da wannan ɓarna za ka ce ya tsaya bin fayil ɗaya bayan ɗaya?

Baba Akawu: Gwamnonin an kafa musu kwamitin bincike, an ji ta bakinsu. Mai sito fa?

Malama: Ina wuni Baba, ina wunin jama'a. Ɗan Kurmi, abin da ka lissafa duk gaskiya ne, har ma ka manta ƙidayar 1973 wadda ta ba da kusan miliyan 80 ta tayar da ƙura, Murtala ya soke ta aka koma amfani da ta 1963. Ba wanda ya ce ƙasar lafiya lau take. Tambayar ita ce ko maganin ya yi daidai da cutar. Ga misali ɗaya. Cikin waɗanda guguwar ta kwasa har da Alƙalin Alƙalai na ƙasa, Taslim Elias. Ba a daɗe ba aka zaɓe shi alƙali a Kotun Duniya da ke Hague, kuma daga 1982 zuwa 1985 shi ne shugabanta. Mutumin da aka ce bai dace da kujerarsa a gida ba ke nan. In an yi haka ga shugaban alƙalai, me kake tsammani ga masinja? Kuma sharar ba ta tsaya a ma'aikatu ba, ta shiga jami'o'i, 'yan sanda, kotuna, da kamfanonin gwamnati. Tsofaffin manyan ma'aikata da yawa da suka yi magana daga baya a kan wannan suke dawowa: tun daga 1975 babban sakatare ya daina iya duban minista ko gwamna ya ce masa, ranka ya daɗe, wannan ya saɓa ƙa'ida.

Ɗan Kurmi: Malama, wannan ai zancen waɗanda abin ya shafa ne, dole su faɗi haka. Wai kafin 1975 ma'aikata waliyyai ne, kora ce ta koya musu sata? To simintin kafin korar aka yi shi ko bayanta? Abin da ya lalata aikin gwamnati kuɗin mai ne da ya ɓarke bayan 1973, da ƙarin albashin Udoji da ya sa kowa ya buɗe ido. Ko Murtala bai kori kowa ba, satar tana tafe.

Malama: A nan kana da hujja, ba zan ƙwace maka ba. Satar ta riga korar. Abin da nake cewa shi ne korar ba ta rage ta ba, sai ta cire wa mai gaskiya garkuwar da yake da ita. Kuma ita kanta gwamnatin ta ga an wuce gona da iri, shi ya sa ba a ci gaba da ita a haka ba.

Auta: Amma Anti, ance a lokacinsa ƙarfe bakwai da rabi kowa yana ofis. Ko ba haka ba, Baba?

Baba Akawu: Haka ne, auta. Wannan ba ƙarya ba ne. Har waɗanda ba mu taɓa ganin su kafin ƙarfe goma ba sai ga su suna rige-rigen sa hannu a rajista. Fayil ɗin da ya shekara a kabad sai ya fito cikin mako. Ni kaina na ji daɗin abin a farkonsa, don mu ƙanana mu muke shan wahalar manya. Amma ku tambaye ni wata nawa abin ya yi. Tsoro ne ya kawo mu da wuri, kuma tsoro ba ya daɗewa a ofis.

Injiniya: Ku dai kun tsaya a kan kora kamar ita kaɗai ya yi. Ni abin da yake burge ni da shi Angola ce. Ƙasar tana shirin samun 'yanci daga Fotugal a Nuwamban 1975, sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka kutsa ciki suna mara wa abokan gabar MPLA, ɗaya daga ƙungiyoyin neman 'yancin ƙasar, baya, Amurka ma tana wannan ɓangaren. Najeriya ta fito fili ta amince da gwamnatin Agostinho Neto, shugaban MPLA, ta ba ta dala miliyan 20. Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda za su karkata, gwamnatin Murtala ta ba 'yan jarida wasiƙar suka buga tare da martani mai zafi. Sannan ya je Addis Ababa ranar 11 ga Janairun 1976 ya tsaya gaban taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ya ce Afirka ta kawo ƙarfi, ta wuce a riƙa ba ta umarni daga wata nahiya. Taron ya rabu biyu a kan amincewa da MPLA, ƙasashe 22 da 22, amma cikin wata ɗaya ƙungiyar ta karɓi gwamnatin MPLA. Ku nuna min shugaban Najeriya ɗaya da ya sake yi wa Amurka haka.

Malama: A kan Angola ba ni da ta cewa, Injiniya, ya yi rawar gani, da shi da kwamishinansa na harkokin waje Joe Garba. Sai dai a tuna aljihun Najeriya a cike yake a lokacin, kuma Amurka tana sayen manmu da yawa. Mai bin bashi da wanda ake bi ba muryarsu ɗaya ba.

Injiniya: Gowon ma aljihunsa a cike yake, me ya hana shi?

Ɗan Kurmi: Yauwa Injiniya, faɗa musu! Ga Abuja, ga sababbin jihohi bakwai, daga 12 zuwa 19, duk a jawabi ɗaya ranar 3 ga Fabrairu, kwana goma kafin a kashe shi. Bauchi, Borno, Gongola, Neja, Sakkwato, Binuwai, Filato, duk daga ranar suka tsaya da ƙafarsu. Ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a wadda Ɗanmasanin Kano Maitama Sule ya fara riƙewa. Wasu shekara takwas suke yi ba su gama titi ɗaya ba.

Ɗan Suleja: Tunda an taɓo Abuja bari in sa baki, don mu abin a ƙofar gidanmu ya faru. Shawarar ɗauke babban birni daga Legas daidai ce, ba na musu. Legas ta cushe, kuma tana bakin teku a lungu ɗaya na ƙasa. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya zagaya ya zaɓi tsakiyar ƙasa, aka yanki fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000. Garinmu ne asalin mai sunan Abuja, aka karɓi sunan aka ba sabon birni, mu muka koma Suleja. Wannan ba komai, mun yafe. Amma an riƙa magana kamar wurin daji ne ba kowa, alhali Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa suna zaune da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. An ce za a kwashe kowa a sake masa matsuguni a biya shi diyya. Da aka zo lissafi aka ga mutanen sun fi yadda aka zata, kuɗin ya fi ƙarfin abin da aka tanada, sai aka sassauta maganar. Yau shekara nawa, je ka ƙauyukan da birni ya haɗiye ka ji ko an gama biyan su. Wannan irin saurin yanke hukunci ne Baba yake magana a kai. Kuma Murtala sanarwa ya yi, ginin wasu ne suka yi shi, sai 12 ga Disamban 1991 Babangida ya tare.

Ɗan Kurmi: To ai ka ƙarfafa maganata ne, ɗan'uwa. Da yana raye da ya tsaya an biya su. Waɗanda suka biyo baya ne suka yi wasa da alƙawarin.

Ɗan Suleja: Wataƙila. Amma ka lura duk abin da ya yi kyau ka ce shi ne, duk abin da ya lalace ka ce don ya mutu ne. Da wannan ma'aunin ai ba wanda zai taɓa kayar da kai a musu.

Mai Goro: Jama'a ku yi haƙuri, zan faɗi wadda ba a son ji. Na yi shekaru ina kai kaya Anacha, ina kwana a Asaba. Ku je can ku ambaci sunan Murtala ku ga yadda fuskar dattawa za ta canza. A watan Oktoban 1967, sojojin Runduna ta Biyu, wadda shi ne kwamandanta, suka shiga Asaba. Ranar 7 ga wata mutanen gari suka fito cikin fararen tufafinsu na gargajiya suna waƙar Najeriya ɗaya don su nuna ba su da faɗa da gwamnati. Aka ware maza da samari a unguwar Ogbe-Osowa aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwan mutane. Akwai wurin tunawa da sunayensu a garin yanzu haka. Wani tsoho da nake sauke kaya a shagonsa ya taɓa miƙo min canji, ya riƙe takardar naira ashirin ɗin mai hoton Murtala ya dube ta ya dube ni, bai ce komai ba. Daga baya yaronsa ya gaya min 'yan'uwan tsohon biyu a ranar suka tafi. Mu a nan gwarzo ne. A can ba haka suke kallonsa ba, kuma su ma 'yan Najeriya ne.

Ɗan Bariki: Alhaji, a yi hattara da wannan magana. Mahaifina ya yi yaƙin nan a Runduna ta Biyu. Ba wata kotu ko kwamiti da ya taɓa tabbatar da cewa Murtala ne ya ba da umarnin harbin Asaba. Kuma kada a manta da abin da ya kawo rundunar wurin. Sojojin Biyafara sun mamaye Jihar Tsakiyar Yamma sun kai har Ore, saura ƙiris su doshi Legas. Cikin gaggawa aka harhaɗa masa runduna, har da sababbin ɗauka da ba su gama koyon riƙe bindiga ba, ya fatattake su ya ƙwato Benin a watan Satumba. Ba don haka ba da labarin ya sha bamban.

Mai Goro: Ban ce shi ya ja kunamar bindiga ba. Na ce rundunarsa ce. In nasarar Benin tasa ce, to Asaba ta wa ce? Kuma wa aka hukunta?

Malama: Tambayar Alhaji tana kan hanya, kuma ba cin mutuncin mamaci ba ne a yi ta. Ɗan Bariki, tunda mahaifinka yana rundunar, ya san abin da ya biyo baya. 'Yan Biyafara sun karya gadar Neja da suka ja da baya. Hedikwata a Legas ta ba da shawarar a zagaya ta arewa a ƙetare ta inda yake hannun gwamnati, Murtala ya dage sai ya haye kogin kai tsaye zuwa Anacha da jiragen ruwa. Aka gwada aka sha kashi, aka sake gwadawa aka sake shan kashi, sojoji masu yawa suka halaka a ruwa. Daga baya dai zagayen aka yi aka ci Anacha a watan Maris na 1968, kuma a ƙarshen watan aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana aka ƙone shi. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne hali ɗaya ne. Mutum ne mai zuciya, mai yanke shawara yanzu-yanzu, wanda ba ya son a ce masa dakata. Wannan halin shi ya ba mu Angola da Abuja, shi ne kuma ya ba mu mashigin Anacha da sharar 1975. Ba za ka ɗauki rabi ka bar rabi ba.

Ɗan Bariki: Tsohona bai taɓa son zancen ƙetaren kogin nan ba, gaskiya. In aka taɓo sai ya tashi. Amma har ya rasu hoton Murtala na rataye a ɗakinsa. Yakan ce shi kwamanda ne da ake gani a bakin daga, ba mai aiko da umarni daga ofis ba.

Shugaban Zaure: Jama'a a ci gaba a hankali. Maganar yaƙi tana da zafi, akwai waɗanda suka rasa nasu ta kowane ɓangare. Ban da zagi, ban da jingina wa wata ƙabila laifi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ku kuna cewa da ya daɗe, mu namu ya daɗe, sai ku tambaye mu. A Nijar, Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974, shekara guda da 'yan watanni kafin naku, kuma ya riƙe ƙasa har ya rasu a Nuwamban 1987. Shi ma soja ne mai tsanani, ba ya wasa da dukiyar gwamnati, yakan faɗo biro, wato ofis, ba sanarwa ya ga wa ya zo wa bai zo ba. Har yau tsofaffi suna yabon sa a kan haka, kuma sun yi gaskiya. Amma shekara goma sha uku ta nuna mana ɗaya fuskar. Mutane sun yi shekaru a tsare ba shari'a, Diori kansa ya daɗe a tsare, magana ta zama sai da waige. Da kuɗin uraniyom ya faɗi kuma aka shiga farin 1984, tsananin bai hana talauci ba. Bayan ya rasu, da'ar ta bi shi. Ban ce Murtala zai zama haka ba, kowa da halinsa. Na dai ce wanda ya yi wata shida bai kai lokacin da mutane ke gajiya da shi ba.

Ɗan Kurmi: Kunce daban, Murtala daban. Murtala mutum ne da ya ƙi ayarin motoci da jiniya. Ranar da aka kashe shi daga shi sai direba da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da odilansa a baƙar Marsandi, sun tsaya a cunkoson motoci a Ikoyi kamar kowa. Na ga motar da idona a gidan tarihi na Onikan a Legas, ramukan harsashi a jikin ƙofa da kujerar baya. Mai son mulki don kansa ba ya yawo haka.

Malama: To a nan nake jiran ka, ƙanena. Na yarda ba mai son dawwama ba ne, kuma hujjar tana cikin aikinsa. Ranar 1 ga Oktoban 1975 ya shimfiɗa jadawalin miƙa mulki ga farar hula, ya sa ranar 1 ga Oktoban 1979. A watan nan ya kafa kwamitin rubuta kundin tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, mutum 49 bayan Awolowo ya ƙi shiga. Wato shi da bakinsa shekara huɗu ya ɗibar wa kansa. Kai kuma kana roƙa masa goma. In ya yi goma, ya karya alƙawarin da saboda karya irinsa aka tumɓuke Gowon. Sai ka zaɓa: ko Murtala mai cika alƙawari wanda zai sauka a 1979, ko Murtala mai shekara goma wanda ya zama Gowon na biyu.

Injiniya: Kai! Malama ta ɗaure ka da igiyarka, Ɗan Kurmi.

Ɗan Kurmi: Ba ta ɗaure ni ba. To a bar goma, a ce huɗun. Da ya cika huɗun nan da kansa, da harsashin da zai bari ya fi wanda aka bari.

Malama: Huɗun ai an cika su, kuma mutanensa ne suka cika. Obasanjo mataimakinsa ne, Ɗanjuma shi ne hafsan sojan ƙasa tun zamaninsa, Shehu Musa 'Yar'aduwa yana cikin waɗanda suka shirya juyin mulkin da ya kawo shi. Sun yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, sun kira majalisar tsara kundi, sun yi zaɓe, sun miƙa wa Shehu Shagari a ranar da Murtala ya sa, ba ƙari ko kwana ɗaya. Bayan shekara huɗu da wata uku soja suka dawo, kuma wanda suka ɗora shi ne Buhari, wanda Murtala ya naɗa gwamnan Jihar Arewa maso Gabas a 1975. Shi ma ya zo da yaƙi da rashin da'a, da layi, da bulala, ya yi wata 20. Faɗa min abu ɗaya a jadawalin Murtala da aka bari ba a yi ba.

Ɗan Kurmi: Jadawali takarda ce, Malama. Abin da ya tafi da shi kwarjini ne. Obasanjo ya bi takardar, amma ba a jin tsoronsa yadda ake jin na Murtala. Ɓarawo ya san bambancin.

Baba Akawu: Ɓarawon da na sani a ofishinmu bai ji tsoron kowa ba, ɗana, shi ya rubuta sunayen. Ni ban ƙi Murtala ba. Ranar Juma'ar nan da aka sa kiɗan soja a rediyo muka ji muryar Dimka, na yi kuka kamar kowa, kuma da za a sake zan sake yi. Mutum ne mai kishi, bai zo don ya tara ba. Amma in ana addu'a a riƙa haɗawa da waɗanda aka kora ba da haƙƙinsu ba, don da yawansu baƙin ciki ne ya ƙarasa su.

Auta: Allah ya jiƙansu duka. Ni tambayata, shi Dimkan me ya ce an yi masa? Kuma ya aka ƙare da shi?

Ɗan Bariki: Ƙorafinsu na cikin bariki ne galibi. Sojan Najeriya ya kumbura zuwa wajen 250,000 bayan yaƙi, ana shirin rage shi, mutane suna tsoron za a sallame su. Ga kuma ƙarin girman da aka yi wa Ɗanjuma ya tsallake Janar Bisalla, kwamishinan tsaro. A ranar sun kashe gwamnan Kwara ma, Kanar Ibrahim Taiwo. Dimka ya kama gidan rediyo a Ikoyi, aka tura Babangida wurinsa, da aka kawo motocin yaƙi ya sulale ya gudu. Sai a watan Maris aka kama shi a wajen Abakaliki. An harbe Bisalla da wasu da dama a watan Maris ɗin, shi kuma Dimka ranar 15 ga Mayu, tare da tsohon gwamnan Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk. Gaba ɗaya sun haura mutum 30.

Injiniya: Na yi aiki a Jos shekaru. Maganar Gomwalk kada ma a buɗe ta yau, don a can har yanzu akwai masu rantsuwa cewa ba shi da hannu, shari'ar ce aka yi cikin fushi. In za a yi ta, a ware mata rana, a kuma nemo mutanen Filato su zo su faɗi nasu.